Nahalal, ƙauyen da kowa ke da gonarsa amma ba mai shiga kasuwa shi kaɗai

Da yawa cikin 'yan uwanmu da ke bin hanyar Ikorodu zuwa Shagamu basu san cewa a wajen Odogunyan akwai filin da gwamnati ta taɓa warewa musamman dan a zaunar da matasa suyi noma ba, waɗanda suka sani ɗin ma ba lallai su san daga ina aka kwaso tsarin ba. Daga Isra'ila aka kwaso shi. A 1959 ne gwamnatin Jihar Yamma ta Awolowo ta fito da shirin matsugunan manoma, bayan ministanta na noma Akin Deko yaje can ya ga irin ƙauyukan manoma masu haɗin gwiwa da suke kira moshab, ya dawo yace lallai sai anyi irinsu a nan. To ni abinda ya ja hankalina ba namu na nan bane, asalin ne, wato ƙauye na farko da aka fara gina shi a kan wannan tsari, sunansa Nahalal, ɗan ƙarami ne, har yau mutanensa basu kai dubu biyu ba.

Nasan akwai wanda tun daga jin sunan ƙasar ransa ya ɓaci, kuma ban ga laifinsa ba, abinda ake wa mutanen Gaza ba mai imanin da zai gani ya iya cin abinci cikin daɗin rai. Ni ma ba yabon kowa nazo yi ba, kuma in ka daure ka karanta zaka ga labarin ƙauyen nan da labarin yadda Falasɗinawa suka rasa gonakinsu igiya ɗaya ce, ba a raba su. Amma aikina kullum a kasuwar Mile 12 ta Legas yake, ni ke riƙe wa Alhajinmu littafi a ɓangaren tumatur da attaruhu, ina ganin yadda kayan manomi ke isowa Legas da yadda kuɗinsa ke komawa gida a rame, dan haka duk inda naji an ce wasu manoma sun taɓa tsare kansu daga faɗuwar kasuwa sai na tsaya na duba, ko su waye.

Mutanen da suka kafa Nahalal ba 'ya'yan manoma bane ma, wannan shi ne abun mamaki na farko. Yahudawan daular Rasha ne, yawanci daga yankin da yanzu yake Yukren da maƙwabtansa, inda dokokin 1882 suka hana su sayen gona ko sabon zama a karkara, iyayensu 'yan tireda ne da teloli da malamai. Ga kuma kashe-kashen da ake musu lokaci zuwa lokaci, kamar na Kishinev a 1903. Tsakanin 1904 da 1914 wasu samari da 'yan mata cikinsu suka taso zuwa Falasɗinu, a lokacin tana hannun Turkawa, kansu cike da aƙidar gurguzu da ta kishin kafa ƙasar Yahudawa, suna ganin mutum bai cika mutum ba sai yana ci da guminsa a gona. Suka fara da ƙwadago a gonakin wasu, suna koyon riƙe fartanya da girma, zazzaɓi na kada su. A 1910 wasu suka kafa Degania kusa da tafkin Ɗabariyya, ita ce kibuts ta farko, inda komai na kowa ne, tukunya ɗaya, aljihu ɗaya, taro ne ke cewa gobe kai kaza zaka yi.

Ba kowa ya iya jure wannan zama ba. Duk wanda ya tashi a gidan gandu ya san maganar, gandu yana da albarka, ba ka kwana da yunwa, amma in ba a yanka maka 'yar gayaunarka ba inda zaka shuka abinda kake so ka sayar ka saka a aljihu ba tare da ka tambayi kowa ba, wata rana sai kaji zaman ya ishe ka, musamman in kayi aure. To su kibuts gandu ne zalla ba gayauna ko taku ɗaya. Wasu daga cikinsu da suka fara iyali suka ce su fa suna son matarsu ta dafa musu a gidansu, suna son in sunyi sammako sun fi wani wahala a ga bambanci a rumbunsu. Amma kuma sun ga abinda ya faru da tsofaffin ƙauyukan Yahudawa na kafin su, inda kowa ya kama gabansa, ƙarshe masu gonar suka koma masu sa ido, leburori ke aikin, wanda bashi ya kama kuma ya faɗi shi kaɗai.

Wani mutum Eliezer Yoffe, wanda ya je Amurka ya koyi noma kafin ya iso Falasɗinu, shi ya zauna ya rubuta tsarin a wata 'yar ƙasida a 1919. Ƙasar ba ta mutum bace, ta al'umma ce, haya ake baka mai tsawo, baka da ikon sayarwa. Kowane gida gona daidai da ta maƙwabcinsa. Kai da iyalinka zaku noma, ba ɗaukar ɗan ƙwadago. In wani ya kwanta ciwo ko ya mutu ya bar marayu sauran zasu shiga gonarsa su riƙe ta. Sannan babbar magana, duk abinda za a saya na noma tare za a saya, duk abinda aka girbe tare za a sayar.

Yanzu ƙasar da aka zauna a kai, nan ne fa labarin yake da ɗaci. Wurin yana cikin wani faffaɗan kwari tsakanin Haifa da Nazarat, Larabawa na ce masa Marj Ibn Amir, Yahudawa na cewa Jezreel. A 1872 wani attajirin gida na Bairut, gidan Sursock, Kiristoci ne masu kuɗin gaske, suka sayi mafi yawan kwarin daga gwamnatin Turkawa. Manoman da ke ƙauyukan wurin kaka da kakanni suka wayi gari a takarda 'yan haya ne, suna noma suna ba mai ƙasa kasonsa, shi kuma yana can Bairut ko Iskandariyya watakila bai taɓa taka gonar ba. Su a ganinsu ba abinda ya canza, ai dama ana biyan wani abu ga na sama. Sai da Turkawa suka faɗi a yaƙin duniya na ɗaya, Ingila ta karɓi ƙasar da alkawarin Balfour na 1917, wato na samar wa Yahudawa mazauni a Falasɗinu, a aljihunta, gidan Sursock suka ga kasuwa ta buɗe suka shiga sayarwa gadan-gadan. Wani dillalin filaye Yehoshua Hankin shi ya ƙulla cinikin a madadin asusun ƙasa na Yahudawa, wanda aka kafa tun 1901, kuɗinsa kuma harda na 'yan gwangwanaye masu launin shuɗi da ake ajiyewa a gidajen Yahudawa a Turai da Amurka ana jefa kwabbai. A doka cinikin ya halatta, an biya, an sa hannu. Amma mai saye yana son fili ba mutane a kai, dan haka dubban manoma a ƙauyuka sama da ashirin na kwarin suka tashi cikin 'yan shekaru, wasu an basu ɗan abin sallama wasu ko oho. Kuma ka tuna sharaɗin nan mai daɗin ji na cewa ba a ɗaukar ɗan ƙwadago, ɗaya fuskarsa ita ce Balaraben da ya rasa gonar ko aikin lebura ba zai samu a kanta ba. Bature Hope Simpson da Ingila ta turo bincike a 1930 sai da ya soki wannan a rahotonsa.

Ranar 11 ga Satumba 1921 rukunin farko suka iso suka kafa tantuna kusa da wani ƙauyen Larabawa mai suna Ma'alul. Ƙasan wurin fadama ce mai kwantaccen ruwa, sauro ya yi gida, dan haka aikin farko ba shuka bane, haƙa magudanai ne dan a tsane ruwan, maleriya kuwa ta sha su ba kaɗan ba. Sunan Nahalal daga littafinsu suka ɗauko, sunan wani tsohon gari ne na yankin.

Zanen ƙauyen shi yasa ya yi suna a duniya, in ka buɗe taswirar Google ka rubuta sunan zaka gane nufina tun kafin ka matso da hoton. Wani mai zanen gine-gine haifaffen Jamus, Richard Kauffmann, shi ya zana shi zagayayye mai ɗan tsawo. A tsakiya aka sa duk abinda yake na kowa, makaranta, ɗakin taro, shago, sito, wurin karɓar madara, da gidajen ma'aikatan da ba manoma ba irinsu malami da mai magani. Sai titi ya zagaye wannan, gidajen manoma suka jeru a bakin titin suna kallon tsakiya, bayan kowane gida akwai garke da akurkin kaji, daga nan gonar gidan ta miƙe waje tana ƙara faɗi. An raba wurin kashi 80 daidai wa daida, 75 na iyalai, 5 na makarantar noma. Kowane gida ya samu wajen dunam 100, kusan hekta 10 kenan. Hikimar ita ce ba wanda zai ce shi an jefa shi bayan gari, tazarar kowa zuwa sito ɗaya ce, kuma in ka fito ƙofar gida kana ganin kowa kowa na ganinka, wanda hakan tsaro ne kuma sa ido ne, ya danganta da ranar. Aibin zanen kuma daga baya ya fito, zobe in ya rufe ya rufe, ba inda zaka saƙa gida na 81, shi yasa ƙauyukan da suka biyo baya ba su cika kwaikwayonsa sak ba.

Amma ni wallahi zanen bai dame ni ba kamar abinda ke faruwa a tsakiyar. Ka ɗauka kai manomi ne a wurin, da asuba ka tatsi shanunka, ka tsince ƙwai, ka ɗora a amalanke ka kai tsakiya. A can za a auna a rubuta a shafinka. Shikenan aikinka ya ƙare, ba kai zaka nemi mota ba, ba kai zaka tsaya ciniki da mai saye a Haifa ba, ba wanda zai kalle ka ya gane kana cikin matsi ya karya maka farashi. In kana buƙatar iri ko dusa ko taki kaje sito ka ɗauka a rubuta a ɗaya gefen shafin, kuma da yake ƙauyen gaba ɗaya ya saya a dunƙule ya fi araha. Ƙarshen lokaci a buga lissafi, wanda ya fi ƙoƙari ya fi samu, ba a haɗa ribarka da ta malalaci. Sai dai haramun ne ka zagaya ta baya ka sayar wa wani a ɓoye dan yau ya ƙara maka sisi, domin in mutum goma suka yi haka ƙungiyar ta mutu. A 1926 ƙauyuka irin wannan da kibuts-kibuts suka haɗu suka kafa Tnuva, kamfanin da ke kwasar madara da ƙwai da kayan lambu ya kai birane, Yoffe ɗin nan na cikin jagororinsa na farko, kuma manoman ne masu shi. Wato dillalin ma nasu ne, la'adar da zai ci gida take dawowa.

Sai maganar bashi. Banki ba ya ba mutum ɗaya da ba shi da takardar mallakar fili, to ƙungiyar ƙauye ce ke ciyowa ta rarraba, kuma kowa ya tsaya wa kowa, in ɗaya ya gaza sauran zasu biya. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Akwai wata doka tasu da na daɗe ina juyawa a raina, ba a raba gonar gado. Ɗa ɗaya ne ko 'ya ɗaya ke ci gaba da riƙe ta, sauran su nemi wani abin yi, ko su tafi sabon ƙauye ko birni ko soja. Dalilinsu a fili yake, hekta 10 in ka raba wa 'ya'ya biyar, jikoki kuma su sake rabawa, ƙarshe kowa zai tashi da abinda ba zai ciyar da shi wata uku ba, kuma duk wanda ya fito daga karkarar Kano ko Katsina ya san wannan ba labari bane, rabin waɗanda ke dako da tura baro a nan Legas abinda ya koro su kenan. Mu dai shari'a ta riga ta yanke yadda ake rabon gado kuma ba mai taɓa wannan, amma ba abinda ya hana magada bayan kowa ya san kasonsa su yarda a bar gonar a haɗe ana raba amfanin, wasu gidajen ma suna yi. Su kuwa nasu tsarin ya tsare gonar amma ya haddasa gaba tsakanin 'yan uwa ba kaɗan ba, har kotu ake zuwa kan wane ne magajin.

Mata ma ba a bar su a baya ba. Wata masaniyar noma Hannah Meisel, wadda tayi karatunta a Turai har digirin digirgir, ta buɗe makarantar koya wa 'yan mata noma a ƙauyen cikin shekarun 1920, kiwon kaji da shanu da lambu, da hujjar cewa gonar iyali in matar gida bata san aikin ba rabin gona ce. Makarantar na nan har yau, ta zama ta maza da mata. Cikin yaran da suka tashi a zoben nan akwai wanda duk mai bin tarihin yankin ya san fuskarsa, Moshe Dayan mai ɗaure ido ɗaya da baƙin ƙyalle. A Degania aka haife shi a 1915, ubansa Shmuel Dayan na cikin waɗanda zaman kibuts ya isa suka dawo Nahalal. Shi ne ministan tsaro a yaƙin 1967 da aka mamaye Gabashin Ƙudus da Gaɓar Yamma da Gaza, kafin nan kuma ya riƙe ministan noma daga 1959 zuwa 1964, daidai lokacin da 'yan Afirka ke tururuwar zuwa kallon moshab. A maƙabartar ƙauyen aka binne shi a 1981. Ɗan sama jannatin Isra'ila Ilan Ramon da ya mutu a kumbon Columbia a 2003 ma can yake kwance.

Zama da maƙwabta bai taɓa zama lafiya lau ba, ta yaya ma zai zama. An bar wa mutanen Ma'alul wani yanki haya na ɗan lokaci, rigima kan wurin noma da kiwo ta ƙi ƙarewa shekara da shekaru. Manoman da aka tasa daga kwarin da sauran wurare da yawa Haifa suka nufa, suka tare a unguwannin kwano a bakin gari suna dako a tashar jirgin ruwa, kuma cikinsu ne wani malami ɗan Siriya da ke wa'azi a masallacin Istiƙlal ya samu mabiya, Shaihu Izzuddin al-Ƙassam, eh shi dai wanda kuke jin sunansa a labarai, wanda reshen mayaƙan Hamas ya ɗauki sunansa. A Disambar 1932 aka jefa bam cikin wani gida a Nahalal ya kashe uba da ƙaramin ɗansa, aka danganta harin da mutanensa. Shi kuma Turawan Ingila suka kashe shi a 1935 kusa da Jenin, shekara ta zagayo babban boren Larabawa ya tashi. Ma'alul kuwa, ƙauyen Musulmi da Kirista ne a haɗe, a Yulin 1948 sojojin Isra'ila suka kama shi, mutanen suka watse yawanci zuwa Nazarat da Yafa ta kusa da ita, aka rushe gidajen, aka shuka itatuwa a wurin. Coci biyu da ragowar masallaci ne suka saura. Jikokinsu suna nan da takardar zama 'yan ƙasa, tafiyar 'yan mintuna ce tsakaninsu da filin kakanninsu, amma ba a yarda su koma ba.

Bayan 1948 gwamnatin sabuwar ƙasar ta ɗauki tsarin moshab ta mai da shi injin zaunar da baƙi. Yahudawan Maroko da Yaman da Iraƙi da yankin Kurdawa aka riƙa jibge su a sabbin ƙauyuka, da yawa a kan filayen Falasɗinawan da suka gudu ko aka kora, yau akwai moshab sama da 400. Sai dai waɗannan ba su suka zaɓi juna ba kamar mutanen Nahalal, wasu ma basu taɓa noma ba kuma ba a tambaye su ko suna so ba, mota ce ta sauke su da dare aka ce nan ne gida. Wasu ƙauyukan sun kama, wasu sun sha wuya sosai.

To maganar tsaya wa juna da nace ku riƙe. Shekaru da dama ita ce ƙarfinsu, da ita suka sayi tarakta, suka ja bututun ban ruwa, suka gina rumfunan leda na furanni da kayan lambu da ake kaiwa Turai. Amma a shekarun 1970 bashi ya zama kamar kyauta saboda hauhawar farashi na cinye shi kafin a biya, sai kowa ya saki jiki, mutum ya ciyo ta hannun ƙungiya ya gina ƙaton gida ya sayi mota, ai in ta ɓaci akwai ƙauye a bayansa, ƙauyen kuma akwai ƙungiyar saye ta yanki a bayansa, ita kuma tana ganin gwamnati ba zata bari ta faɗi ba. A 1984 hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin ɗari. A 1985 gwamnati ta taka burki da ƙarfi, kuɗin ruwa ya tashi, tallafi ya ragu, ƙungiyoyin sayen nan suka rufta ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da bai taɓa cin bashin banza ba ya tashi ya ga ana binsa na maƙwabcinsa. Sai a 1992 aka yi doka ta musamman dan a warware basussukan, kuma daga nan yawancin ƙauyukan suka ce sun tuba da tsaya wa juna, kowa ya ji da kansa. Dokar hana ƙwadago dama ta riga ta mutu, bayan 1967 Falasɗinawa ke aikin gonakin, daga shekarun 1990 kuma 'yan Tailan. Yau gidaje da yawa a moshab ba noma suke ba, wani ya bada gonar haya ga babban manomi, wani ya mai da akurkin kaji sito ko ɗakin saukar baƙi yana zuwa aiki birni. Tnuva ɗin ma manoman sun sayar da mafi yawanta a 2008, yanzu wani kamfanin Chana mai suna Bright Food ke da rinjaye a ciki.

Namu na nan fa? Jihar Yamma ta buɗe matsugunai a wurare irinsu Ilora da Esa-Oke da nan Ikorodu, ta kwaso yaran da suka gama firamare, waɗanda ilimi kyauta na 1955 ya yaye ba aikin yi, ta horar da su ta basu gida da fili na koko ko kwakwar manja ko roba da kaji, da sharaɗin zasu biya a hankali. Gabas ma ƙarƙashin Michael Okpara ta yi nata a Igbariam da Ohaji da Uzo-Uwani da sauransu, yaƙin basasa na 1967 ya zo ya tarwatsa. Arewa bata shiga ba, Sardauna ya ƙi yarda da duk wani tallafi daga Isra'ila. Kuɗin da aka kashe kan kowane yaro ɗaya yayi yawa ainun, kuma da yawansu suka gudu suka dawo birni. A nawa ganin gidaje da filaye aka kwaikwayo aka baro ainihin abun. Mutanen Nahalal manya ne da suka shekara goma ko fiye suna wahala tare, su suka zaɓi juna, su suka rubuta dokarsu, su ke zaɓen mai riƙe littafi kuma su ke iya tsige shi. Namu yara ne 'yan sha-wani-abu da jami'in gwamnati ke ba umarni, yaron yana kallon kansa a matsayin ma'aikacin da albashinsa ya makara.

Abinda nake gani kullum shi ne, mota ta taso daga Kadawa ko Ɗanja da kwanduna ɗaruruwa, kayan mutum ashirin ko talatin, kowa da alamarsa a jikin kwandonsa, kowa da nasa dillalin, kowa na bugo waya daban yana tambaya an sayar? Kwana biyu ko uku a hanya, ga shingaye, ga zafi, in aka yi rashin sa'a motoci suka iso da yawa rana ɗaya farashi ya faɗi warwas, kuma tumatur ba ya jiran gobe. Manomin da ke can ba shi da masaniyar motoci nawa suka taso daga wasu garuruwan a daren da tasa ta taso. Da garin nasu baki ɗaya ne, da mutum ɗaya nasu a nan mai albashi, da sun iya cewa yau kar a loda a bari sai jibi, ko rabi a shanya. Wannan ɓangaren baya buƙatar tallafin kowa kuma baya buƙatar bashi mai ruwa, wanda dama mu ba namu bane. Tsaya wa juna a bashi kuwa, bayan abinda ya faru da su a 1985, ni ba zan ba kowa shawarar ya sa hannu ba sai in akwai iyaka a rubuce kuma littafin a buɗe yake kowa na iya dubawa.

Na kawo wa Alhaji maganar bayan la'asar muna zaune a rumfa kasuwa ta lafa, ya saurara har na gama, sannan yace, "Malam, kai yanzu in suka yi hakan, ni da kai me zamu ci?" Nace ranka ya daɗe ai sai su ɗauke mu aiki, tunda dole suna buƙatar wanda ya san Legas. Yayi dariya yace shi ya wuce shekarun karɓar albashi a hannun mutanen da yake ba bashin taki, kuma in ina son gwadawa in fara da garinmu, in ga ko mutum goma zasu yarda ɗaya ya riƙe musu kuɗin kaka guda. Na fara lissafo su a zuci, na samu shida, biyu daga ciki basa ga maciji tun rabon gonar kakansu.